Inna, jikina yana yoyo, ina ni ina ƙofar Sama?

Inna, ina gaisuwa. Ni 'yar Katolika ce daga wani ƙauye a ƙaramar hukumar Sumaila, ƙanena ne ya rubuta mini wannan a wayarsa. Bara da rani na yi naƙudar kwana uku a gida, kafin a kai ni asibiti yaron ya riga ya mutu a ciki. Bayan 'yan kwanaki fitsari ya fara zubo mini ba tsayawa, har yau. Mijina ya mai da ni gidanmu wai in yi jinya, tun yana leƙowa har ya ɗauke ƙafa. Na daina zuwa coci saboda wari, na daina karɓar Jibi, wato gurasa mai tsarki da muke karɓa lokacin ibada. Ruwa ma sai ƙishi ya matsa mini nake ɗan kurɓa. Ranar 15 ga Agusta na lallaɓa na tsaya a bayan taga, na ji katikis, mai koyar da addini a cocinmu, yana cewa an ɗauki Maryamu zuwa Sama da jikinta domin ba ta da aibi ko kaɗan. Na koma gida ina kuka, na ce to ni da nawa jikin yake zubar da ƙazanta dare da rana fa? Gwaggona ta ce in yi haƙuri, gicciyena ke nan, jiki ƙasa ne kuma ƙasa zai koma, kada a ɓata kuɗi a asibiti, rai kaɗai Allah yake so. Inna, wanne ne gaskiya? In zauna in jira mutuwa ne?

'Yata, sannu da jiki, sannu kuma da rashi. Kin ambaci yaron a layi ɗaya kin wuce, ni kuwa ba zan wuce ba sai na yi miki ta'aziyya. Allah ya ba ki dangana.

Kada ki zauna. Gwaggonki tana ƙaunarki, amma abin da ta faɗa ba koyarwar Katolika ba ce. Katikis kuma gaskiya ya faɗa, sai dai da kunnen mai ciwo kika saurare shi, shi ma bai san akwai ki a bayan taga ba.

Aibin da yake magana a kai zunubi ne. Ikilisiya tana koyar da cewa Allah ya kiyaye Maryamu daga zunubin asali tun farkon shigar cikinta, Paparoma Pius na 9 ne ya tabbatar da wannan a 1854. Babu ruwan maganar da gumi ko jini ko fitsari. Maryamu 'yar ƙauye ce, mutuniyar Nazarat, garin da har gori ake yi masa ana cewa wane abin kirki zai fito daga can. Ta ɗauki ciki wata tara, ta yi tafiya da tsohon ciki zuwa Baitalami, ta haihu inda ba su sami masauki ba, ta kwantar da jaririnta a komin dabbobi, ta shayar da shi, ta yi gudun hijira da shi zuwa Masar. Da girma ya fara kama ta, ta tsaya da ƙafafunta a gindin gicciye tana kallon ɗanta yana mutuwa. Wannan jikin, wanda ya san gajiya da ƙurar hanya da rashin ɗa, shi aka ɗauka.

Ranar 1 ga Nuwamba 1950 Paparoma Pius na 12 ya ayyana wannan a matsayin abin da kowane ɗan Katolika zai gaskata: cewa Maryamu, bayan ta gama zamanta na duniya, an ɗauke ta jiki da rai zuwa ɗaukakar Sama. Ba shi ya ƙirƙiro ba. Tun 1946 ya rubuta wa bishop-bishop na duniya yana tambayarsu abin da su da jama'arsu suka gaskata, kusan dukansu suka amsa da e. Idin ɗaukar Maryamu zuwa Sama kansa ya girmi sanarwar da shekaru fiye da dubu, domin wajen shekara ta 600 Sarki Moris na Rumawan gabas ya tsayar masa da ranar 15 ga Agusta a daularsa. Paparoma bai ce ta mutu ko ba ta mutu ba, ya bar wannan a buɗe. Kiristocin gabas suna kiran ranar Barcin Maryamu, suna cewa ta rasu aka binne ta, sa'an nan aka ɗauke ta, har yau kuma masu ziyara suna zuwa wani kabari da babu kowa a ciki kusa da Gatsemani a Urushalima. Abin da ke ba ni sha'awa shi ne, Kiristocin dā masu tsananin son ajiye ƙasusuwan waliyyai ne, Roma tana tinƙaho da kabarin Bitrus da na Bulus, amma babu garin da ya tsaya ya ce ga ƙashin Maryamu a wurinsa. Dangin da kike da su a cocin ECWA, waɗanda ba 'yan Katolika ba ne, za su ce miki wannan labari ba a rubuce yake ɓaro-ɓaro cikin Littafi Mai Tsarki ba. Haka ne, mu daga gadon bangaskiyar Ikilisiya muka karɓe shi, kuma ba abin faɗa da su ba ne, tun da a kan tashin jiki daga matattu bakinmu ɗaya da su.

Ki lura da shekarar. Shekara 5 ke nan da ƙare yaƙin duniya na biyu, inda aka ƙona jikunan miliyoyin mutane, aka tura wasu cikin ramuka kamar shara. A ganina ba banza ba ne a daidai wannan lokacin Ikilisiya ta ɗaga murya ta ce jikin ɗan Adam, har na mace talaka, makomarsa wurin Allah ce.

Ki kuma lura da wani bambanci. Yesu hawa ya yi da ikon kansa, kwana 40 bayan tashinsa. Maryamu ɗaukar ta aka yi, domin ita halitta ce kamar ni da ke, ba ta da ikon kai kanta. Saboda haka abin da aka yi mata ba nata ba ne ita kaɗai. Riga mu ta yi. Kowace Lahadi muna miƙewa tsaye muna furta cewa muna sa zuciya ga tashin matattu da rai na zamani mai zuwa. Da rai kaɗai Allah yake so, kamar yadda Gwaggo ta ce, da an iske jikin Yesu kwance a kabari ranar Ista. Amma ya tashi da jikinsa, ya nuna wa Toma gurbin ƙusoshi da haƙarƙarin da aka soka, Luka ma ya ce har gasasshen kifi ya ci a gaban almajirai don su tabbata ba fatalwa suke gani ba. Raunukan nan bai ɓoye su ba, da su ya shiga ɗaukaka.

Gwaggo ta ce jiki ƙasa zai koma. Iri ma ƙasa yake komawa. Manzo Bulus da kansa ya yi wannan misali a wasiƙarsa ta fari ga Korintiyawa, sura 15, inda ya ce ana shuka jiki da ƙasƙanci a tashe shi da daraja, ana shuka shi da rauni a tashe shi da ƙarfi. To ki tambayi Gwaggo, wane manomi ne a Sumaila yake barin irin geronsa ga gara da ɓera don wai ai ƙasa za shi? Zangarniyar da ta fi kyau ake warewa tun da kaka, a rataye ta inda danshi ba zai taɓa ta ba, ko yunwar bazara ta yi tsanani ba a daka ta. Wanda ya san abin da zai fito daga iri, shi ne mai tattalinsa.

Maganar gicciye kuma, tana da muhallinta, amma ana yawan ɗora ta a kan mata inda ba ta dace ba. Gicciye shi ne abin da ba ki da hanyar sauke shi sai da saɓo. Ciwon da ake ɗinkewa a asibiti bai shiga nan ba. Ki sa ƙanenki ya karanta miki Bisharu huɗu: kuturu ya zo, makaho ya zo, shanyayye aka sauko da shi ta rufin ɗaki, Yesu warkar da su ya yi, bai ce su koma su yi haƙuri ba. A Littafi Mai Tsarki namu na Katolika akwai littafin Sirak, sura 38 tana cewa a girmama likita domin Ubangiji ne ya yi shi, kuma mai hankali ba ya raina magani. Luka ma da ya rubuta Bisharar da ake karantawa ranar idin nan, likita ne.

Yanzu bari in gaya miki abin da ya same ki, don wataƙila babu wanda ya zauna ya yi miki bayani. Lokacin doguwar naƙudar nan kan yaron ya maƙale, ya danne naman da ke tsakanin mafitsara da hanyar haihuwa a jikin ƙashin ƙugu, awa bayan awa. Jini ya daina isa wurin, naman ya mutu, bayan 'yan kwanaki ya ɓanɓare ya bar ƙofa. Shi ya sa ba ranar haihuwa yoyon ya fara ba. Rauni ne kamar karaya. Ba sammu ba ne, ba iska ba ce, ba kuma sakayyar wani laifi ba ce. Ƙofar da ta shekara ba za ta rufe da jiƙo ko turare ba, kuma ina roƙon ki kada ki yarda kowa ya cusa miki kanwa ko sassaƙe a gaba, ƙona wurin suke yi su bar tabo, aikin likita ya ƙara wuya.

Ɗinke ta ake yi, kuma ƙasar nan tamu tana cikin wuraren da aka fi ƙwarewa a wannan aiki. A cikin Kano akwai cibiyar Laure a Asibitin Murtala. A Jahun ta Jigawa ƙungiyar likitocin nan ta MSF tana yin aikin kyauta a babban asibitin garin tun 2008. Gwamnatin tarayya tana da cibiyar yoyon fitsari a Ningi ta jihar Bauchi, wadda ba ta da nisa da ku, da kuma ta Babbar Ruga a Katsina, inda likitan nan ɗan ƙasar Holan, Kees Waaldijk, ya shafe shekaru masu yawa tun cikin 1980 da wani abu yana ɗinke mata yana horar da likitocinmu. Ki fara da asibitin da ya fi kusa da ku, ki ce musu yoyon fitsari ne bayan doguwar naƙuda, su ba ki takardar turawa su gaya miki ranar da ake duba masu irin wannan. Abin da za ki tanada shi ne kuɗin mota, da ɗan guziri, da mai jinya. Bayan aiki za a bar miki robar fitsari kamar mako biyu. Mafi yawan mata a aikin farko suke bushewa. Wasu sai an maimaita, wasu kaɗan kuma ƙofar takan rufe amma ɗan ɗigo ya rage, a ci gaba da nema musu magani. Na faɗa miki wannan tun yanzu don kada ki karaya in naki ya nemi zagaye na biyu. Mai jinya kuwa, ni da Gwaggo zan so ki tafi. Ta zauna a ɗakin nan ta ga mata suna naɗe tabarminsu a bushe suna komawa gida, wannan zai fi duk wata gardama da za ki yi da ita.

Layin da ya fi tayar mini da hankali a wasiƙarki shi ne na ruwa. Kusan duk mai wannan lalura haka take yi, tana ganin in ta rage sha yoyon zai ragu. Abin da ke faruwa shi ne fitsarin ya yi kauri, ya yi ja, warinsa ya ƙaru, ya riƙa cin fatar cinya har ta yi gyambo, wani lokaci ma tsakuwa ta taru a mafitsara. Daga yau ki riƙa shan ruwa mai tsabta da yawa, har sai kin ga fitsarin ya yi fari. Zai fi zuba, gaskiya ne, amma warin zai ragu ƙwarai, fatar kuma ta sami sauƙi. Ki riƙa wanke wurin da ruwa, ki tsane shi, ki shafa man kaɗanya ko basilin. Tsummokaran ki wanke su da sabulu ki shanya a rana, ba a ƙuryar ɗaki ba. Ki ci abinci sosai, likita yana son jiki mai jini kafin ya yi aiki.

Sai maganar coci. Markus sura 5 ta ba da labarin wata mace da ta shekara 12 tana zubar jini, ta ƙarar da duk abin da take da shi wurin masu magani. Bisa dokar Littafin Firistoci sura 15, ita marar tsarki ce, shimfiɗarta da wurin zamanta ma haka. Ta bayan taro ta lallaɓo, kamar yadda kika lallaɓa, ta taɓa rigar Yesu. Da ya so, da ya bar ta ta tafi da lafiyarta a ɓoye. Sai ya tsaya ya nemi ta fito, a gaban jama'a ya kira ta 'yata. Wajen shekara ta 601, bishop na farko a Kantabari ta Ingila, Agustin, ya aika wa Paparoma Giregori Babba tambaya ko mace mai haila ko mai jego za ta iya shiga coci ta karɓi Jibi. Giregori ya amsa masa da labarin matar nan, ya ce kada a hana ta, domin abin da jiki yake yi ba da nufin mutum ba, ba laifi ba ne. Yau shekara fiye da 1,400 da wannan amsa, amma har yanzu akwai mata a ƙauyukanmu da suke hana kansu. Ko maƙwabtanmu Musulmi, malamansu ba su ce mai yoyon fitsari ta bar salla ba, sauƙi suka yi mata a kan alwala.

Abin da ke hana ɗan Katolika karɓar Jibi shi ne babban zunubin da bai furta wurin Fada, wato firist, ba. Fitsari ba ya cikin lissafi. Lahadin da kika rasa saboda ciwo ba zunubi ba ce, dokar Ikilisiya ta ɗauke wa marar lafiya. Azumin awa ɗaya da ake yi kafin karɓa ma, ruwa da magani ba sa karya shi, marasa lafiya kuma an ɗauke musu shi gaba ɗaya, don haka kada ki ce za ki ƙi shan ruwa ranar Lahadi.

Na san shiga cikin mutane ba wasa ba ne, kuma ba zan ce miki babu mai toshe hanci ba, mutum mutum ne ko a ɗakin Allah. Ki fara da abu mai sauƙi. Ƙanenki ya je ya gaya wa katikis, in Fada ya zo zagayen ƙauyuka ya biyo ta gidanku ya kawo miki Jibi, ya shafa miki man marasa lafiya. Wannan shafewar ba ta masu gargarar mutuwa kaɗai ba ce, ana yi wa mai shirin shiga babbar tiyata. Sa'an nan ki aika a kira miki shugabar Zumuntar Mata. Ranar da kika shirya, ki yi wanka, ki yi ƙunzugu mai kauri, ki riƙe leda da zane na shimfiɗawa, ki zauna kusa da ƙofa tare da mace ɗaya da kika yarda da ita, in kin ji kin jiƙe ki fita ki canza ki dawo. Ku kuma matan Zumunta masu karanta wannan, anko da waƙa ranar idi suna da kyau, amma Bisharar ranar ba ta nuna mana Maryamu a kan gajimare ba. Ta nuna ta tana sauri zuwa ƙasar tuddai wurin Alisabatu, tsohuwa mai cikin wata shida, ta zauna da ita kamar wata uku. Kuɗin motar yarinyar nan bai fi ƙarfin asusunku ba.

Akwai abin da ba ki tambaya ba, amma uwa ba ta rasa tunaninsa da dare: yaron bai sami baftisma ba. Ikilisiya tana danƙa irin waɗannan yara ga jinƙan Allah, a 2007 kuma, zamanin Paparoma Benedict na 16, Vatican ta fitar da takarda mai cewa akwai ƙwararan dalilai na sa zuciya ga cetonsu. In kina so, ki roƙi Fada ya yi Mas dominsa da dominki. Ba laifi ki ba shi suna a zuciyarki.

Mijinki kuma, in a coci aka ɗaura muku aure, alkawarin da ya yi a gaban bagade ya haɗa da lafiya da ciwo, kuma lalura ba ta warware auren Katolika. Amma kada ki jira shi kafin ki tafi asibiti, kada kuma ki je roƙonsa da kanki. Wannan aikin manya ne: Babanki, da waɗanda suka tsaya muku a aure, da Fada, su kira shi su zaunar da shi. Maza da yawa jahilcin ciwon ne da zugar dangi suke korarsu, in sun ji ana warkewa sukan dawo da kunyarsu. In ya dawo, akwai sharuɗɗan da ba naki ba ne, na likita ne, kuma a gaban manyan nan za a faɗa masa su. Babu kwanciyar aure sai an cika watannin da aka ɗibar miki bayan aiki, yawanci uku zuwa shida. Kada a yi gaggawar sabon ciki. In ya samu, awo tun da wuri, haihuwa kuma a asibiti ta hanyar tiyata, domin naƙuda ɗaya a gida tana iya farke ɗinkin gaba ɗaya. Ya fara ajiye kuɗin mota da na jini tun cikin yana ƙarami, in wata ya kama ku koma kusa da asibiti ku zauna, musamman in haihuwar za ta faɗo da damina lokacin da hanyoyinku suke yankewa. In ya ce ba zai iya waɗannan ba, ki ci gaba da zama a gidanku har sai ya iya.